Kwamfuta a asibitin haƙori: daga soket zuwa bakin majiyyaci

An sa wa dattijo sensa a baki, ɗan farantin nan mai waya da ke ɗaukar hoton X-ray na haƙori, gefenta na tokarar ƙasan harshensa, idonsa har ya kawo ruwa. Ma'aikaciya ta ja da baya ta danna maɓalli, na'urar hoto ta yi ɗan kukanta. Kowa ya juya ga allon kwamfuta, allo shiru. "Baba, a yi haƙuri, a sake sau ɗaya." Aka sake, shiru. Sai a karo na uku hoton ya fito, bayan an zare waya an mayar. Haƙori ɗaya, an haska shi sau uku.

A irin wannan rana sensa ake ɗora wa laifi, a ce ta lalace ko jabu ce aka sayo. Da wuya ita ce. Abu huɗu ne suka fi jawo haka, kuma minti biyar ya isa a duba su duka. Ko dai Windows ta sa kafar USB barci don tattalin wuta, sai a shiga saitin wuta a hana ta, a kuma bi kafofin ɗaya bayan ɗaya a jerin na'urori a cire musu wannan izini. Ko kuma an yi wa wayar sensa ƙari da wata doguwar waya ta kasuwa, alhali USB 2.0 ba ya jure abin da ya wuce mita 5. In ƙarin ya zama dole, a nemi mai haɗe da nata ƙarfin wuta. Ko manhaja ba ta shiga jiran hoto ba, domin yawancinsu sai an buɗe fayil ɗin majiyyaci, an zaɓi haƙori, alamar shiri ta koma kore, kuma in aka daɗe ana gyara wa mutum zama sai ta gaji ta fita. Na ƙarshe, hasken da ya isa sensa bai kai ya tashe ta ba: an rage lokaci fiye da kima, ko bakin na'ura ya kauce, ko an sa sensa a baibai. Shafaffen gefen ne ke fuskantar haske, ƙullutun da waya ke fitowa daga cikinsa ya kalli harshe ko ganɗa.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Wani likitan haƙori Bafaranshe, Francis Mouyen, shi ya ƙirƙiro sensar da ake sawa a baki, ta shiga kasuwa a 1987 da sunan RVG, sunan da har yau ake kiran kowace sensa da shi ko wane kamfani ya yi ta. Tun 1985 kuma Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙera wa majiyyaci cikon haƙori da kwamfuta a Jami'ar Zurik, da na'urar da suka kira CEREC. Kayan sun daɗe da nuna. Abin da ke kayar da su a Kano ko Maraɗi shi ne wuta, ƙura, waya, da sunan majiyyaci.

Wuta tukuna

Mai son shigo da kwamfuta asibitin haƙori ya fara ganin mai gyaran wuta kafin mai sayar da manhaja. Ɗakin haƙori cike yake da na'urori masu zuƙar wuta: kwamfuresa mai ba injin haƙa iska, injin tsotse yawu, tukunyar dafa kayan aiki wadda ita kaɗai kan ci wat 1,500 zuwa 2,000, ga na'urar sanyaya ɗaki. Duk sanda kwamfuresa ta tashi, wuta kan yi ƙasa na ɗan ƙiftawa a layin da take. Kwamfutar da ke layi ɗaya da ita sai ta mutu ta tashi, ko ta saki sensa ana tsakar aiki. Don haka a ja wa kwamfutoci da na'urar wayfai layinsu daban, a ɗora shi kan inbata mai ba da wuta lafiyayya irin ta gidan wuta, ba mai arhar nan da ke sa fanka gurnani ba.

Lissafin ba shi da wuya. Kwamfutar tebur da allonta wat 150 ne ko ƙasa, laftof 45 zuwa 65, na'urar wayfai 10 zuwa 15. A ce duka wat 200. Batir ɗaya mai bolt 12 da ƙarfin 200Ah na riƙe da 2,400Wh, amma in irin mai ruwa ne rabin kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Ke nan, in an cire abin da inbata kanta ke ci, zai riƙe wannan layi wajen awa biyar. Kada a yarda wani ya cusa firinta mai leza ko butar dafa shayi a soket ɗin, minti kaɗan za su kwashe abin da aka tanada.

Ko da inbata, kwamfutar da ke ɗauke da rumbun bayanai ta samu UPS nata, ɗan akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko na 1,000VA ne. Ɗaukewar wuta ba allo kaɗai take kashewa ba. In ta zo daidai lokacin da manhaja ke rubutu a rumbu, rumbun na iya tsagewa, washegari a buɗe ya ƙi buɗuwa. Minti goman da UPS ke bayarwa tsakanin a ɗauke wuta da a tayar da janareta shi ne duk aikinsa. Batirinsa kuwa a zafinmu ba ya daɗewa. Duk wata uku a zare shi daga bango da gangan a gani ko har yanzu yana riƙewa.

Akwai wata ɓarnar wuta da ba kowa ke gane ta ba. Tsofaffin na'urorin hoto na bango, masu aiki kai tsaye da wutar gari, ƙarfin haskensu na bin ƙarfin wutar da ta shigo. Ranar da wuta ta zo da rauni hoto sai ya fito fari-fari da yashi-yashi, ma'aikaci ya ƙara lokaci. Da yamma wuta ta cika, ba wanda ya tuna ya mayar da saitin, hotuna su riƙa fitowa baƙi ƙirin. Sababbin na'urori masu daidaita wutarsu a ciki sun rage wannan. Mai tsohuwa ya sa mata sitabilaiza mai kyau, ya kuma manna takardar lokuta a bango: a kilobolt 60 zuwa 70, sensa kan buƙaci tsakanin sakan 0.06 da 0.2, haƙoran gaba na ƙasa su ne mafi ƙaranci, turamen sama mafi yawa, na yara a rage. Ainihin adadin kowace na'ura sai an gwada shi a kan ciraren haƙori, ba a bakin mutum ba.

Ƙurar hunturu da zafin bazara kuma nasu aikin a hankali suke yi. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a hure ta duk wata uku, kada ta zauna a ɗakin da ake yanka filasta. Feshin injin haƙa da na wankin haƙori na kai mita ɗaya zuwa biyu, to maɓallan rubutu da linzamin da ke kusa da kujera a rufe su da leda ana canzawa, ko a cire safar hannu kafin a taɓa su.

Sensa da abin da ke kashe ta

Girmanta uku: 0 na ƙananan yara, 1 na yara da haƙoran gaba, 2 na manya. Mai kuɗin guda ɗaya yakan rasa wadda zai zaɓa. A ganina in yawancin aikin cire jijiya ne da duba saiwa, lamba 1 ta fi shiga baki ba gardama. In kuwa duba kogo tsakanin turame ya fi yawa, lamba 2 ta fi kamawa. Sensa ba ta lanƙwasa kamar fim, ta fi shi kauri, kuma filin da take gani bai kai girman jikinta ba. Shi ya sa sabon shiga kan yanke kan saiwa a hoto. A tura ta zuwa tsakiyar baki inda ganɗa ta fi zurfi maimakon a manna ta jikin haƙori, a kuma yi amfani da mariƙi mai zobe. Yatsan majiyyaci ba mariƙi ba ne, balle na ma'aikaci. Mai danna maɓalli ya tsaya mita biyu nesa, gefe da hanyar haske, ko bayan bango. Na'urar hoton kanta, ko ta hannu ce, tana ƙarƙashin lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, a Najeriya.

Gaskiya ne sensa na buƙatar haske ƙasa da fim. Amma sauƙin sakewa na cinye wannan riba, domin wanda da can zai yi tunani sau biyu kafin ya ɓata fim, yanzu danna maɓalli kawai yake yi. Ya kamata a riƙa ƙirga hotunan da aka sake a kowane mako, da dalilin kowanne. In sunan ma'aikaci ɗaya ko haƙori ɗaya ke ta maimaituwa, an san inda gyara yake.

Ba a dafa sensa, ba a tsoma ta a ruwan magani sai in kamfaninta ya ce ana yi. Riga ta leda sabuwa ga kowane baki, sannan a goge. Mutuwarta kusan kullum daga waya take zuwa: a nannaɗe ta tamau a jikin hannu, a ja ta wajen cire leda, tayar kujera ta bi ta kanta, ko yaro ya cije ta. A yi mata marataya a bango, wayar ta sauka a sake. Kuma tun ranar da aka kawo ta a adana fayil ɗin daidaitawa da ke zuwa da ita, wanda ke ɗaure da lambar jikinta. In kwamfuta ta mutu aka sayi sabuwa babu wannan fayil, hotuna za su fito da layi-layi da ɗigo-ɗigo, wanda ya sayar kuma wataƙila ya daina ɗaga waya.

Inda yara suka yi yawa, farantin fosfo ya fi dacewa: siriri ne kamar fim, ba waya, ana zura shi a na'urar karantawa. Illarsa yana karcewa, kuma kowane karce zai riƙa fitowa a kowane hoto. Hasken ɗaki na goge abin da ya ɗauka, don haka a karanta shi nan da nan.

Wajen karanta hoto akwai tarko ɗaya da manhaja ke ɗanawa. Maɓallin ƙara kaifi na sa hoto ya yi kyau a ido, amma yana zana siririn baƙin layi a gefen duk abin da ya yi fari sosai, kamar cikon azurfa ko hular haƙori. Sai a zaci sabon kogo ne a ƙarƙashin ciko, a fasa ciko lafiyayye. A duba hoton asali tukuna, kafin kowace kwalliya. Haka ma ma'aunin tsawo na allo: in ba a daidaita shi da abin da aka san tsawonsa ba, kamar allurar da ke cikin saiwa, milimitocinsa zato ne.

Wane Muhammad, wane haƙori

Manhajojin asibiti an gina su ne bisa zaton suna da ranar haihuwa sun isa su bambanta mutane. A nan ba su isa ba. Mutum ɗaya yau Muhammad, wata mai zuwa Mohammed, baɗi Muhammadu ko Mamman. A'isha, Aisha, Aishatu, Indo. Wanda bai riƙe ranar haihuwarsa ba a rubuta masa 1 ga Janairu, sai a wayi gari da Fatima Abubakar biyar duk haihuwar rana ɗaya. Lambar waya ma ba ta raba gardama, domin sau da yawa ta maigida ce, matansa da 'ya'yansa duk ita aka bayar. Sakamakon iri biyu ne: mutum ɗaya da fayil uku, tarihinsa a warwatse, ko mutum biyu a fayil ɗaya, wanda ya fi muni, musamman in ɗayansu na shan maganin tsinka jini ko jikinsa ba ya karɓar fenisilin.

Gyaran daga teburin karɓar kati yake. Kowane majiyyaci lamba ɗaya da ba ta maimaituwa, a rubuce a katin da zai tafi da shi. A rubuta suna uku, da unguwa. A tsayar da ƙa'idar rubutu ɗaya, har da batun ƙ da ɗ da ɓ: ko a sa ƙugiya kullum ko a bar ta kullum, domin manhaja da yawa ba su san Ɗanladi da Danladi mutum ɗaya ba ne. Kafin a buɗe sabon fayil a nema da lambar waya, a nema da harufa ukun farko na suna. Kafin a danna maɓallin hoto kuma a karanta sunan da ke saman allo da murya, majiyyaci ya amsa. Mafi yawan hotunan da suka ɓace ba su ɓace ba, suna cikin fayil ɗin wanda ya tashi daga kujerar ɗazu.

Lambar haƙori ita ma sai an kula. Da yawa an koya musu tsarin Palmer a makaranta, mai 'yar kusurwa da lamba 1 zuwa 8, wanda ba ya rubutuwa cikin sauƙi a kwamfuta. Tsarin FDI mai lamba biyu shi ya fi yaɗuwa a duniya: ta farko ɓangaren baki, ta biyu haƙorin, 11 zuwa 48 ga manya, 51 zuwa 85 ga yara. Manhajar da aka yi a Amurka kuwa takan zo a saite kan tsarinsu na 1 zuwa 32. A FDI, 16 turmin farko ne na sama a dama. A na Amurka, 16 turmin ƙarshe ne na sama a hagu. Likita ya rubuta a cire 16, wani ya karanta da ɗaya tsarin, an cire lafiyayyen haƙori. A saita manhaja kan tsari ɗaya tun ranar farko, kuma a takardar turawa a ƙara da kalmomi: sama ko ƙasa, dama ko hagu. Fim na da ɗan tudu a kusurwa mai nuna gaba da baya. Hoton allo ba shi da shi, dannawa ɗaya ta juya dama ta koma hagu.

Ajiya

Hoton haƙori ɗaya megabait kaɗan ne. Asibitin da ke ɗaukar 15 a rana, kowanne a ce 3, bai kai gigabait 17 a shekara ba. Hoton muƙamuƙi gaba ɗaya ya fi haka nauyi, na CBCT kuma, mai nuna ƙashi ta kowace fuska, ɗaruruwan megabait ne kowanne. Wuri ba shi ne matsala ba, faifan terabait ɗaya zai yi shekaru. Matsalar a ce kwafi ɗaya ne tak, a cikin kwamfutar da ɓarawo zai iya saɓawa a kafaɗa ko tsawar damina ta ƙone.

Kwafi uku ake so: na cikin kwamfuta, na faifan waje, da na wani wuri da ba ginin asibitin ba. Faifan waje su zama biyu ana musanyawa, ɗaya na aiki ɗaya na gida, kuma a zare shi bayan an gama kwafa. Wanda aka bari a jone, cutar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa za ta kulle shi tare da kwamfutar. Kuskure biyu sun fi yawa. Ana jan jakar rumbun bayanai a kwafa alhali manhaja na buɗe, kwafin ya fito gurgu. A yi amfani da maɓallin ajiya na manhajar kanta. Sannan manhajoji da yawa suna ajiye rubutu a wuri ɗaya, hotuna a wata jaka daban, sai a shekara ana kwafar rubutu babu hoto ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk wata a ɗauki kwafin a ɗora shi kan wata kwamfuta, a buɗe fayil ɗin majiyyaci uku, a ga hotunansu da ido.

Kwamfutar hoto ba ta kallon fim ba ce, ba ta cajin waya ba ce, filash ɗin shagon buga takardu kuma kada ya kusance ta. Kowane ma'aikaci da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, amma kafin a ɗaga kwamfutar hoto zuwa 11 a tabbatar sensar na da direban da ke aiki a kai, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da Windows, domin tsofaffi da yawa ba su da shi. In kwamfutocin asibitin sun fi ɗaya, a haɗa su da waya ba wayfai ba, wayar Cat6 na kai mita 100, a kuma ba kwamfutar da ke ɗauke da rumbu adireshin IP tsayayye, wato lambar da sauran ke nemanta da ita. In ba haka ba, duk sanda wuta ta ɗauke na'urar wayfai ta sake rabon adireshi, kwamfutar gefen kujera ta nemi rumbu ta rasa.

Manhajar da ke zaune a intanet kacokan ta ɗauke wa mutum wahalar ajiya, amma ta ɗaure shi da sabis. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, ko yadda intanet ya taɓarɓare a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a Maris 2024, ba zai so tarihin majiyyatansa ya zama sai da sabis ba. A tambayi mai sayarwa abu biyu kafin a sa hannu: tana aiki in babu intanet? In na bar ku, a wane irin fayil za ku ba ni bayanaina? Hotuna su iya fita a DICOM, tsarin fayil na hotunan asibiti, ko aƙalla TIFF ko PNG.

Awon baki ba tare da kwaɓi ba

Inda intanet ya fi yi wa likitan haƙori rana shi ne tsakaninsa da mai ƙera haƙori. Awon aljinet, kwaɓin da ake danna wa a baki ya ɗauki siffar haƙora, sai an zuba masa filasta cikin minti goma zuwa sha biyar, a busasshiyar iskar hunturu ma ƙasa da haka, in ba haka ba ya motse. Samfurin filasta kuma a naɗe shi a kai tasha, ya kwana a mota, ya isa da gutsurarren gefe. Sikanar baki ta yanke duk wannan: a ɗauki awon da kyamara, fayil ɗin STL na 'yan gomman megabait ya isa Legas ko Alƙahira kafin majiyyaci ya sa takalminsa.

Sai dai sikana abin da ido ke gani kawai take gani. Gefen da aka sassaƙa in ya nutse ƙarƙashin dasashi, ko jini ko yawu ya rufe shi, ba za ta ɗauka ba, manhaja kuma za ta cike gurbin da zatonta, hula ta dawo da giɓi. A sa zaren janye dasashi, a tsayar da jini, a busar. A bi hanya ɗaya ba tsalle: saman tauna, gefen harshe, gefen kunci. Hotuna dubbai take ɗinkewa, kowane ɗinki da ɗan kuskurensa, shi ya sa ta fi inganci a hula ɗaya ko gajeriyar gada, tana rauni a dogon muƙamuƙin da ba haƙori. Haƙoran roba na baki duka har yanzu awon hannu ya fi kama gefensu. Cizo a ɗauke shi majiyyaci na zaune a miƙe, a dama da hagu, kuma a lura wanda allura ta kashe wa baki yakan ciji inda ba nan yake cizo ba. Kafin ya tashi a duba taswirar launi da ke nuna tazara tsakanin haƙorin da abokin cizonsa: hular zirkoniya zalla na son milimita 1 zuwa 1.5. Gara a ƙara sassaƙa yanzu da a kira shi ya dawo.

STL ba ya ɗauke da launi, siffa ce kawai. PLY da OBJ ne ke ɗauka. Launin haƙori a zaɓe shi kafin a fara aiki, domin haƙorin da ya bushe na 'yan mintuna yakan yi haske. Mai cin goro a wanke masa tukuna. A ɗauki hoto da ɗan samfurin launi na VITA a gefen haƙorin, lambarsa na fitowa, kusa da taga ba ƙarƙashin fitilar kujera ba. In huluna na ta dawowa a matse ko da tsawo daga wuri ɗaya, a tambayi mai ƙerawa tazarar siminti da ya saita, yawanci wajen maikuron 50 ce, a kuma tuna yaushe rabon da a daidaita sikanar. Sayenta ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba: tana son laftof mai ƙarfin zane da RAM 16 zuwa 32, bakinta na da adadin dahuwar da yake jurewa, wasu kamfanonin kuma suna karɓar kuɗin shekara da dala. Asibitin da ke yin hula biyu a wata ba ya buƙatarta tukuna.

WhatsApp

Ko an so ko an ƙi, nan ne rabin shawarwarin haƙori ke gudana. Hoton da aka tura a matsayin hoto, WhatsApp na matse shi, siririn layin karaya ko farkon kogo ya narke. A tura shi a matsayin takarda, ya isa yadda yake. Ɗaukar allon kwamfuta da kyamarar waya kuwa ba hoton da za a yanke hukunci da shi ba ne. Kafin a jefa shi zauren likitoci a yanke suna da lamba daga kusurwa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 ake da ita a sanar da hukumar kare bayanai, NDPC. Hoton kafin aiki da bayan aiki da ake sawa a Instagram sai da izini a rubuce, kuma leɓe da haƙora sun isa, ba sai da fuska ba. Saƙon tunatarwa ya tsaya kan rana da lokaci da sunan asibiti, tunda ba a san hannun wa wayar take ba.

Ma'aikacin lafiya na karkara da ke neman shawara a koya masa hoto biyar: gaba a cije, dama, hagu, saman baki, ƙasan baki. Da kyamarar baya, domin ta gaba kan juya dama da hagu. Cokali biyu masu tsabta sun isa janye kunci. Ya haɗa da shekaru, kwana nawa, akwai zazzaɓi ko babu, baki na buɗuwa yatsa nawa. Hoto ba ya ƙwanƙwasa haƙori, ba ya jin ko yana girgiɗi, don haka amfaninsa a san wa zai zo yau, wa zai iya jiran ranar kasuwa. Rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hoto kawai na kwantar da kumburi ne, ruɓaɓɓen haƙorin na nan.

Wasu kuwa ba a tsayawa jiran amsa a kansu. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau ido, haɗiya ta gagara, baki ya ƙi buɗuwa, murya ta canza: mota ake nema. Haka yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, dasashinsa na jini yana wari, kunci ya kumbura. Cutar noma ke nan, mai cinye naman baki da fuska, take sallama, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023 bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. A wannan mataki magani da abinci da tsabtar baki na tsayar da ita. In baƙin tabo ya bayyana a kunci, kwanaki kaɗan ne nama ya zube. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta tun 1999. A tura hoton, amma yaron ya riga hoton kama hanya.